Akwatin Ƙaramin Jakada da Ƙunshin Ƴar Kasuwa



Kwanakin baya muna cikin motar haya, muna dawowa daga cin kasuwa, sai aka tsayar da mu a wani shingen bincike, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni tana da ƙunshi uku: turamen atamfa, da takalman roba, da ƴan kwanonin da ta sayo wa ɗiyarta da za a aurar. Aka kwance su duka a ƙasa, cikin rana, ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Muna nan tsaye sai ga wata farar mota mai lambar jakadanci, bayanta cike da akwatuna. Aka ɗaga sanda, aka sara mata, ta wuce. Dattijuwar ta bi ta da kallo, sannan ta juyo ta ce mini: "Ɗana, su waɗannan ba su da kaya ne?" Na ce: "Inna, kaya gare su, sai dai akwai takarda a bayansu." Ta ce: "To mu wa zai rubuta mana tamu?"

Tambayar nan ta hana ni sakat, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami yau. Wanda ke son ya gane takardar da ta buɗe wa farar motar nan hanya, sai ya koma bakin teku, zamanin mulkin mallaka, tashoshin jiragen ruwa irin su Dakar da Ikko da Kwatano, inda aka daɗe ana ja-in-ja kan akwatin mutum guda: ƙaramin jakada.

Mu fara da sanin ko wane ne shi. Babban jakada wakilin sarki ne wajen sarki, mazauninsa babban birni. Ƙaramin jakada kuwa, wanda Nasara ke ce wa konsul, tun asali mutumin kasuwa ne da bakin ruwa. Shi ke duba jiragen ƙasarsa in sun iso, ya sa hannu a takardun kaya, ya raba rigimar matuƙa jirgi, ya tsare dukiyar ɗan ƙasarsu da ya mutu a baƙunta, ya kuma rubuta wa gwamnatinsa abin da ke ciniki da abin da ya yi kwantai. Ƙasar da aka mallaka ba a kai mata babban jakada, don ba a lissafa ta a ƙasa mai cin gashin kanta. Babban jakada yana can Paris ko Landan, a bakin tekun Afirka sai ƙarami. Shi ma ba ya fara aiki sai uwargijiyar ƙasa ta ba shi takardar izini.

To, babban jakada tun da daɗewa al'ada ta ɗauke masa binciken duwan da kuɗin fito. Ƙarami bai gaji wannan ba. Abin da yake samu alfarma ce, alfarmar kuma tana da sharaɗi guda, wanda kowace mace a Maraɗi ko Damagaram ta san shi tun tana budurwa. Biki ne. Ranar sunan ɗanki ƙawarki ta kawo jika biyu, an rubuta, ranar nata kin san abin da ke kanki. In kin yi kamar kin manta, ba za ta kai ki gaban alƙali ba, amma ranar aurar da ɗiyarki kada ki duba hanya.

Haka gwamnatocin Nasara suka yi wa juna. Wannan ta rubuta wa waccan: ga ƙaramin jakadanmu nan tafe tasha kaza, muna roƙo a bar akwatunansa su wuce ba bincike ba biya, mu ma haka muke yi wa naku a tashoshinmu. In an amsa, sai umarni ya sauka daga ofis zuwa ofis har ya kai teburin shugaban duwan na tashar. In wata ƙasa ta ƙi, ɗayar ba ta yin dogon surutu, sai ta janye tata alfarmar, a kwance akwatin jakadan waccan a gaban jama'a. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Alfarmar kuma tana da iyaka. Yawanci tufafinsa ne da kayan ɗakinsa ranar da ya fara isowa kama aiki, sai kayan ofis irin su tuta da hatimi da takardu. Dalilin tsaurin a fili yake: da yawa daga cikin ƙananan jakadun wancan zamani ƴan kasuwa ne kamar ni da kai. John Beecroft, wanda Ingila ta naɗa a 1849 ya kula da bakin tekun Benin da Biyafara daga tsibirin Fernando Po, ya daɗe yana ciniki a wurin kafin naɗin. Peter Strickland, ƙaramin jakadan Amurka na farko a Senegal, wanda aka naɗa a 1883 ya zauna tsibirin Gore da Dakar fiye da shekara 20, matuƙin jirgi ne kuma ɗan kasuwa mai shigo da ganyen taba. Yanzu ku duba da idon ɗan kasuwa. In aka ce duk abin da ya shigo da sunan mutum irin wannan ya wuce kyauta, wa zai iya kasa kaya kusa da shi? Shi ya sa duwan ke raba akwatin mutum da hajarsa. Akwati ya wuce da sallama, haja ta biya kamar ta kowa.

Akwai wani ƙulli kuma. Yarjejeniyar da aka yi don Paris ko Landan ba lalle ta yi aiki a Dakar ko Ikko ba, domin yankunan mallaka suna da jadawalin fitonsu da baitulmalinsu dabam. Sau da yawa sai an sake zama takanas. A 1855 Amurka da Holan sun sa hannu kan yarjejeniya ta musamman don a karɓi ƙananan jakadu a tashoshin yankunan da Holan ke mallaka a ƙetare, lokacin da Elmina ta ƙasar Gana ta yau ke hannun Holan ɗin. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1951, da Ingila da Amurka suka rubuta tasu yarjejeniyar ta ƙananan jakadu, sai da suka ambaci yankunan mallaka a ciki. Ku lura da kyau: manyan ƙasashe masu jiragen yaƙi ba su yarda su bar maganar akwati a bakin fatar baki ba. Sun rubuta, sun sa hannu, sun buga hatimi.

Me ya sa gwamnan bakin teku ke jin nauyin yafe ko da kuɗin akwati guda? Domin da kuɗin fito mulkinsa ke numfashi. A yankin Faransa, tun 1904 aka mayar da kuɗin duwan na Afirka ta Yamma asusun babban gwamna da ke Dakar. A Ikko da kudancin Najeriya kafin yaƙin duniya na farko, babban kaso na kuɗin gwamnati daga fiton barasa yake fitowa. Kuma kun fi ni sanin inda kuɗin fito ke ƙarewa. Kamfani ya biya a tasha, ya ɗora wa babban dila, dila ya ɗora wa mai rumfa, mai rumfa ya ɗora wa matar da ta zo sayen turmi ɗaya na sallah. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadi da kananzir da sukarin da ake sayarwa a Maraɗi da Tasawa da Damagaram ta Ikko yawancinsu ke biyowa, gyaɗarmu kuma ta nan take fita, har zuwa shekarun 1950 da Faransawa suka ƙirƙiro shirin Hirondelle don juya kaya ta Parakou da Kwatano. Ashe kakanninmu da ba su taɓa ganin teku ba suna cikin masu biyan kuɗin tashar teku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwatunan manya kuwa, in sun sauka daga jirgi, a kan baƙar fata suke hawa, a zamanin da aikin tilas ke nan daram a yankunan Faransa, don sai a 1946 aka soke shi.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Mu ma muna da ƙananan jakadunmu tun kafin Nasara ya kafa duwan. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro suna da madugu, wanda ke shiga gaba ya daidaita kuɗin fito da sarakuna da masu mashigin ruwa, don kada a tsinke ayari mutum ɗaya ɗaya. A Salaga da Kumasi da Ankara da Ikko akwai sarkin zango da masu gida, masu saukar da baƙo, su tsaya masa gaban hukuma, su adana kayansa in ya kwanta ciwo, su aika wa magada in ta Allah ta kasance. Aikin konsul ke nan babu ragi. Abin da ya raba su guda ne: konsul yana da gwamnati a bayansa wadda za ta iya ramawa, alheri ko akasinsa. Sarkin zango ba shi da tasha da zai ce zai hana wani shiga. Wanda ba a jiran bikinsa, ba a damuwa da zuwa nasa. Don haka aka ƙulla alfarma a bakin ruwanmu, da kuɗinmu, a kan kawunanmu, ba a ko tambaye mu ba.

Ranar 3 ga Agusta 1960 muka samu tuta. A 1963 ƙasashen duniya suka taru a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka mayar da tsohuwar alfarma doka rubutacciya kan hulɗar ƙananan jakadu, Nijar kuma tana cikin waɗanda suka amince da ita. Ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san abin da sashe na 50 ya ƙunsa. Kayan ofis da kayan amfanin jakada da iyalinsa ba su biyan fito. Kayan ci da sha kada su wuce abin da gidan zai yi amfani da shi. Akwatin da ke tare da shi ba a buɗewa, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zaton yana ɗauke da abin da bai shiga alfarmar ba ko abin da doka ta hana, kuma a gaban mai shi za a buɗe. Wani sashen ya hana jakadan da ke cin albashin gwamnatinsa yin kasuwancin kansa a ƙasar da aka aike shi. Ɗan kasuwan da aka ba jakadancin girmamawa kuwa, tuta da hatimi da kayan ofis kaɗai aka yafe masa, hajarsa tana biya. Darasin zamanin su Strickland ne aka zuba a takarda.

Na san akwai masu cewa a soke abin baki ɗaya, a kwance kayan kowa a ƙasa kamar na Inna. Na fahimci zafin zuciyarsu, amma ban bi su ba. Yau mu ma muna cikin bikin. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano, tana da shi a Jidda. Wanda ya taɓa ɓatar da fasfo a Makka, ko aka tsare masa mota a ƙasar waje, ya san amfanin mutumin da ke zaune a ofis ɗin nan. In muka wulaƙanta na wasu a nan, gobe a wulaƙanta namu a can, mu ne kuma za mu rasa mai tsaya mana.

Ku tuna abin da ya faru da Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari. Ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace shi a Landan, aka sa shi cikin akwatin katako, aka kai filin jirgin sama na Stansted don a wuce da shi Ikko. Akwatin bai ɗauki alamun da doka ta ce jakar jakadanci ta ɗauka ba, ma'aikatan duwan suka buɗe, suka same shi a sume. Gwamnatin Najeriya ta lokacin ta ce ba ta da hannu. Ingila ta kori jami'an jakadancin Najeriya biyu, Najeriya ma ta kori na Ingila biyu. Abu biyu ke cikin labarin nan. Ƙa'idar da aka rubuta ce ta ba ƙaramin ma'aikaci ƙarfin buɗe akwatin manya. Sannan ramuwa ba ta alheri kaɗai ba ce, mugun biki ma ana mayar da shi.

Saboda haka ni ba akwatin jakada nake ƙyashi ba. Abin da nake nema shi ne hikimar da ta tsare akwatin nan ta sauko ta tsare ƙunshin Inna. Mun ga yadda rufe iyaka ke karya gida. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, Maraɗi da Ƙonni suka ji a jikinsu. Daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 aka sake rufewa saboda takunkumi, hanyar Kwatano ma ta toshe a 2023, kaya suka koma zagaye ta Lome. A Janairun 2025 Nijar ta kammala fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar, ba ita nake taɓawa ba. Abin da na sani shi ne duk lokacin da tsofaffin yarjeniyoyi suka girgiza, sai an zauna an rubuta sababbi, kuma wanda bai yi magana ba lokacin rubutu, kada ya yi kuka lokacin karatu.

Ga abin da nake ganin ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙe, su kai gaban mahukunta.

Na farko, a tsare iyakar alfarma. Duk kayan da suka shigo ba fito da sunan ofis, ko jakadanci, ko agaji, kada a gan su a rumfa. Buhun da ya shigo kyauta ya sauka kasuwa, wuƙa ce a wuyan wanda ya biya nasa har tamma ta ƙarshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, a rubuta wa ƙaramin ɗan kasuwa tasa takardar, ta ba ni in ba ka, tsakaninmu da maƙwabta. A ce kaya iri kaza, in kuɗinsu bai wuce kaza ba, ga abin da za a biya, ga takarda guda mai sauƙin cikawa, haka a wannan gefe haka a wancan. Ba mafarki ba ne. Ƙasashe irin su Zambiya da Malawi da Zimbabuwe sun yi irin wannan tsari don masu ƙaramin jari, waɗanda yawancinsu mata ne. Muna da hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, mazauninta Yamai. A Yamai ɗin kuma aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Yulin 2019. Wurin zama akwai, magana ce ba a kai ba.

Na uku, a kafa allo a kowane shinge, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, da boko da ajami, a rubuta abin da ake biya da abin da ba a biya, a riƙa maimaitawa a rediyo. Duk wanda ya karɓi dala ya ba da takardar shaida. Ƙaramin jakada yana wucewa da kai a sama don ya san haƙƙinsa layi layi. Inna tana rawar jiki don ba ta san nata ba, rashin sanin nan kuwa shi ake sayar mata da tsada.

Na huɗu, in bincike ya zama dole, a yi shi da mutunci: a inuwa, a kan tebur ko tabarma, a gaban mai kaya, kayan mace kuma mace ta duba. In duniya ta yarda ba a taɓa akwatin baƙo sai da dalili kuma a gabansa, uwar da ta haife mu ba ta gaza wannan ba. Ma'aikacin duwan ɗanmu ne, aikinsa halal ne, da kuɗin da yake tarawa ake biyan malamin makaranta da ungozoma. Ƙa'ida bayyananniya shi ma hutu ce gare shi.

Na biyar kuwa namu ne. Biki ba a cinsa da hannu ɗaya. Ba za mu nemi a yarda da bakinmu ba alhali muna cusa ƙwayoyi ƙarƙashin buhun masara, ko muna faɗin kwali goma mun ɗauko ashirin. Duk wanda ya yi haka ya jawo wa mata ɗari kwance ƙunshi a rana. Haka kuma Bayarabiyar da ke sayar da kwanoni a kasuwarmu, da Batoge mai gwanjo, da mutumin Benin mai doya, yadda muka riƙe su haka za a riƙe ƴaƴanmu a Ikko da Lome da Kwatano. Ramuwar da gwamnatoci ke rubutawa, a rumfa take farawa.

Nasaran mulkin mallaka sun cuce mu ta hanyoyi da yawa, amma wannan kam sun gane shi: mutunci a bakin iyaka ba a barinsa ga halin wanda ke tsaye a shinge ranar nan. Ana rubuta shi, a sa masa iyaka, a ce yadda ka yi wa nawa haka zan yi wa naka. A da ba mu da tutar da za ta rama mana. Yau shekara fiye da 60 muna da ita, muna da ministoci, muna da jakadu, muna da majalisar ƴan kasuwa. Uzurin ya ƙare.

Inna ta ɗaure ƙunshinta ranar nan, kwano ɗaya ya lotsa, atamfa biyu sun sha ƙura. Da muka iso tasha ta ce mini in na samu mai rubuta takardar in gaya masa sunanta. Ban san sunanta ba, amma kowane shugaban ƙungiyar ƴan kasuwa da ke karanta wannan shafi ya san irinta ɗari a kasuwarsa. Ku tara su, ku ji ta bakinsu, ku kai maganar inda ake sa hannu.

Allah ya tsare mana hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.